Tafiyar Mai Ga-ruwa a Saharar Riyad

Inuwa direba ne a Riyad, yana kwana a wani ɗaki a unguwar Al-Shifa da 'yan'uwansa masu iƙama, wato takardar izinin zama. Mutum ne mai surutu kamar rediyo, amma akwai abin da ke cin sa a rai. Mahaifinsa, mai ga-ruwa a Gwarzo, ya rasu yana nan Saudiyya, kuma tsohon bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Yanzu Inuwa kan rufe ido ya nemi kamanninsa, sai ya ga duhu. Wannan ya fi mutuwar kanta yi masa ciwo.

Ana nan sai kamfaninsu ya ba shi aikin ɗaukar wani Bajamushe, Ekart, da ya zo yin fim a bayan gari. Tsoho ne tukuf, hannunsa na rawa, ko murfin gorar ruwa sai an buɗe masa. Ma'aikatan fim suka ce tun yana saurayi yake wasan kwaikwayo a birnin Hambag, ya fito soja, ya fito fadan coci, ya fito ɓarawo, daga Faransa har Folan. Inuwa ya dube shi ta madubi ya ce a ransa, wannan ai kwanciya ta kamace shi.

A fim ɗin Ekart zai fito a matsayin maginin rijiya da tsufa ya riska a sahara. Da Turancinsu na kame-kame ya tambayi Inuwa ko ya san wanda ya tsufa yana ɗaukar ruwa.

"Babana," in ji Inuwa.

Tsohon ya yi ta tono. Wace kafaɗa ce ta sauka? Yana kallon ƙasa ko gaba? Inuwa ya ba shi guntayen da suka rage masa, yana jin kunyar ƙarancinsu.

Ranar ɗauka aka rataya wa Ekart garwa biyu a sanda. Darakta ya ɗaga hannu. Ikon Allah! Rawar hannun nan ta ɗauke. Kafaɗar hagu ta sauka, ƙafa ta soma jan yashi. Sai ya tsaya ya gyara sandar da ɗan tsalle, abin da Inuwa bai taɓa faɗa masa ba, domin shi kansa ya manta. Fuskar mahaifinsa ta dawo wa Inuwa sarai, har da tsagen kumatu.

Bai san sanda ya baro jikin mota ba. Wani Balarabe na ihu, "Ya Inuwa, ina za ka? Ana ɗauka!"

Ya ratsa gaban kyamara ya kama sandar da hannu biyu.

"Baba, kawo," ya ce da Hausa. "Ina tsaye ba za ka ɗauki kaya ba."

Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya sunkuya, ya sakar masa.