Baba Mai Inji da Kuɗin Fito

Tun kafin a zuba kwalta a layinmu Baba Mai Inji yake niƙa a ɗan shagon da ke kusurwa, mai ƙofar kwano. Dogo ne siriri, kullum gira da gashin baki fari fat da gari, har ba wanda ya lura da lokacin da furfurar gaske ta fito masa. Da injin nan ya ci da iyali, ya aurar da 'yarsa ɗaya tilo, ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓi abinsa. Injin ne kuma ya cinye masa kunne, kaɗan-kaɗan. Da farko an ɗauka miskilanci ne, a gaishe shi ya wuce. Da aka gane, sai masu kawo niƙa suka koyi yi masa magana da hannu.

A shago abin bai dame shi ba, domin in inji ya tashi kowa kurma ne. Gida ne da wuya. Matarsa ita ce kunnensa; ta san gefen da za ta zauna, ta san yadda za ta juyo masa da fuska ya karanci bakinta. Bayan rasuwarta, in ya rufe shago yakan ɗan zauna a bencin mai aski cikin tsararrakinsa. In ya ga an dara ya dara, in ya ga an ɓata fuska ya girgiza kai. Wata rana ya yi dariya, ashe labarin haɗarin mota ake. Daga nan ya daina zama.

'Yar tana aure a wani gari mai nisa. Takan kira, shi kuma ya manna wayar a kunne yana ta maimaita lafiya lau, ko me ta tambaya. Da ta gaji, sai ta koma kiran mai gyaran waya, maƙwabcin shagonsa, ta tambaya ko Baba na cin abinci.

Mai gyaran wayar ne ya nuna masa hoton wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne, a wani shagon intanet na ƙasar waje. A asibiti an taɓa gaya wa Baba farashin irinta, ya tashi ya kama hanya bai ko yi sallama ba. Wannan kuwa da sauƙi, an kuma rubuta cewa kawowa kyauta ne. Baba ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya kwance abin da yake tarawa don gyaran rufi ya miƙa. Ya ja kunnen mai gyaran waya kada ya gaya wa 'yarsa. So yake wata rana ta kira kawai ta ji ya ba ta amsa daidai.

Aka shiga jira. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin layi sai Baba ya leƙo. Da saƙo ya zo, ba mai babur ne ya kawo ba, ta waya ya shigo: kaya sun iso, suna ofishin kamfanin jigila, sai an biya kuɗin fito da kuɗin ɗawainiya. Mai aski da ya ji ya ce ashe kunnen ma sai da biza yake shigowa. Kowa ya yi dariya, ban da mai kunnen, wanda bai ji ba.

Ya sa rigarsa mai kyau ya hau mota zuwa ofishin. Wani dogon ɗaki ne mai kujerun ƙarfe, da kanta da gilashi ya raba ta da jama'a, an huda ƙananan ramuka don magana. Da layi ya zo kansa, ma'aikacin ya yi ta bayani kansa a sunkuye kan kwamfuta. Baba bai ga bakinsa ba, balle ya tsinci kalma. Ya ce ya riga ya biya, an ce masa kyauta ne. Da yake bai san ƙarfin muryarsa ba, ɗakin duka ya waiwayo. Mai gadi ya taso yana tsammanin rigima ce.

Wata ma'aikaciya mai ɗan shekaru ce ta zagayo daga bayan kanta. Ta duba takardar kayan, ta dube shi, ta gane. Ta ja shi gefe ta zaunar, ta zauna suna fuskantar juna, tana buɗe baki sosai.

"Baba, kuɗin da ka biya na mai kaya ne. Wannan na gwamnati ne, don kayan sun ƙetaro iyaka. Wannan kuma namu ne, da muka tsaya muka fito da su."

"To kyautar fa, 'yata?"

"Kyautar ta tsaya a filin jirgi."

Ya ce ai ba kayan ƙawa ba ne, magani ne, kunne ne. Ta ce ta sani, amma mai sayarwar ya rubuta a jikin kwalin cewa kayan sauti ne, kamar na masu jin kiɗa, kuma abin da ke rubuce shi kwastam suka bi. In ya kawo shaidar likita za a iya nema masa rangwame, sai dai abin yakan ɗauki lokaci, kuɗin ajiya kuma yana hawa. In aka daɗe ba a karɓa ba, a mayar wa mai shi. Ya roƙi ko a nuna masa kwalin. Ta nuna masa ta gilashi, can a kan katakon jera kaya tsakanin manyan kwalaye, ɗan ƙarami kamar na sabulu.

Ya gwada asibitin. Ya wuni a benci yana kallon bakin mai kiran suna, aka kira shi bai sani ba, sai da aka tashi aka ce ya dawo wani makon. Bai koma ba. Mai gyaran waya ya ce a kira 'yar, mijinta ba zai rasa ba. Baba ya ce yarinyar da ke gidan wani ba a ɗora mata kunnen ubanta. Akwai tsohuwar motar lantarki mai juya inji da ya ajiye a ƙarƙashin gado don ranar da ta aiki za ta ƙone. Ita ya ciro ya kai wa masu kayan gwangwan, suka saya a wulaƙance.

Da ya koma ofishin ya biya, ma'aikaciyar ce ta miƙa masa kwalin, ta ce Allah ya sa a dace. Bai buɗe a hanya ba. Sai da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya wanke hannu, ya maƙala kamar yadda hoton ya nuna. Na'urar ta fara da wani fito mai tsini, sannan ta lafa. Ya ji famfon tsakar gida yana ɗiga. Ya ji ƙarar gado da ya motsa. Ya yi gyaran murya, ya tsorata da muryar tsohon da ya ji. Ya daɗe a zaune yana saurare, babu wani abu kuma a gidan.

Da la'asar ya kira 'yarsa. Ta ɗauka da ihun da ta saba, ya ce ta rage murya, yana ji. Sai ta fashe da kuka. Muryarta ta zama ta babbar mace, ba wadda ya sani ba. A bayanta wani yaro yana ta surutu, ya tambaya wane ne, ta ce jikansa ne, ai ya daɗe da fara magana. Suka yi hira har katinsa ya ƙare.

Bayan 'yan makonni na'urar ta yi shiru. Batiranta ƙanana ne kamar maɓallin riga, kuma mai gyaran waya ya zagaye kasuwa bai sami daidai da su ba. Sai dai a sake yin oda daga can. Da suka lissafa, kuɗin ɗawainiya kaɗai ya fi batiran tsada, ko guda nawa aka saya. An yi odar sau ɗaya, Baba ya sake hawa mota ya biya. Ya tambayi ma'aikaciyar nan, aka ce an yi mata canjin wurin aiki.

Yanzu tattalin ji yake yi. A shago ba ya sa ta, wai gari zai toshe ta. A hanya ma ba ya sawa. Tana cikin gwangwanin alawa a kan taga, ya cire batirin ya naɗe a takarda. Ranar hutun ƙarshen mako, da yamma, yakan fito da kujera ƙofar ɗaki, ya maƙala ta, ya ɗora wayar a gwiwa. Wani makon 'yar takan kira. Wani makon hidima ta sha kanta. In haka ta faru yakan ɗan ƙara zama, yana jin rediyon maƙwabta ta kan katanga da matar gidan tana faɗa da yaranta kan wanke-wanke, har a kira su cin abinci su shige ciki. Sannan ya cire batirin.