Na Zubar da Tekun Rukayya

Ƙwas! Ƙarar murfin gora ce ta jawo komai. Ranar Alhamis Gwaggo Asabe ta zo daga unguwar Ƙuba, na buɗe firij na tsiyaya mata daga gorar zamzam. Ta miƙe, ta fuskanci alƙibla, ta kurɓa. Idonta ya kawo ruwa, amma ta haɗiye. "Ummu Rukayya, wannan kam albarkarsa da ƙarfi."

Na ɗanɗana: gishiri zalla. Na ce ya lalace. Ba a zubar da zamzam a kwata, sai na juye duka goruna ukun da ke firij a gindin shukar rihan ɗina.

Da 'yata Rukayya ta dawo daga jami'a ta leƙa firij, sai ta zauna a ƙasa. Ashe ruwan teku ne da ta ɗebo. Su huɗu suke bincike kan gaɓar Yambu, kowa da fanninta, kuma ran Lahadi za su miƙa ruwan. In babu shi, aikin zango guda ya rushe.

Asabar, unguwarmu Bani Harisa

Ƙarfe biyar da kwata, bayan asuba, muka shiga motar Malam Idi, mutumin Maraɗi. Na ce ni na zubar, da ni za a ɗebo. A shingen taftish ɗan sanda ya duba iƙamarsa, katin zaman ƙasa, ya leƙa but, ya ga goruna da kula biyu.

"Rihla? Yawon shaƙatawa?"

"Kaffara," in ji Malam Idi.

Badar

Bakwai saura muka tsaya. Burodin tamis da waken ful, riyal goma sha biyu. Na yi wa shahidai addu'a daga cikin mota. Rukayya ba ta ci ba, ba ta kuma kalle ni ba. Wannan ya fi min ciwo.

Yambu

Takwas da rabi, bayan kusan kilomita ɗari biyu da talatin, muka tarar da ƙawayenta. Asil tana ƙirga ramukan ƙaguwa, Nura tana zana taswira, Hind tana hira da masunta. Duk jiran gishirin Rukayya suke.

Na fito da gorunan da alfahari. Tun jiya na wanke su da sabulu, na turara su da bahur. Rukayya ta shinshina, ta rufe ido. "Ya Ummi, haram alaiki! Sabulu zan auna?"

Nura ta ruga mota ta kawo sababbi, ta ce wurare uku za a ɗebo, sai an ɗauraye kowacce sau uku da ruwan wurin, kuma teku ya fara dawowa.

"Sau uku? Ashe alwala ce. Ku ba ni."

Na tattare abaya na shiga. Laka ta cinye takalmina na hagu a wuri na biyu. A na uku ruwa ya kai gwiwa, ƙaguwa ta gaishe ni a ɗan yatsa, na yi salati har masunta suka juyo, amma ban saki gorar ba. Rukayya ta karɓa tana dariya tana share hawaye, ta sumbaci goshina.

Gida

Mun iso bayan la'asar, ƙafata ɗaya cikin leda. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Malam Idi da yaran nan. Na nufi firij in jiƙa maƙogwaro, sai na tarar da autata Hanan zaune a gabansa, ta harɗe hannu.

"Mamnu', Ummi, an hana. In kina jin ƙishi ki faɗa min, ni zan zaɓo miki."