Hannun Hagun Hedimasta

A kwalejin horon malamai ne wata Baturiya 'yar Jamus ta nuna mana wani tsohon hoto na ƙasarsu, wata mace mai zane riƙe da alƙalaminta. Ta ce a jikin tagulla aka ƙwaƙule shi tun zamanin kakannin kakanninta, a shafa tawada a danna takarda a kai. Ni kuwa innata na tuno, wadda ta ƙare rayuwarta tana zanen ƙwarya a Gafasa, ba wanda ya taɓa ganin ta isa a yi mata hoto.

Da aka turo ni koyarwa Gaya, na samu guntun katako na yi wata biyu ina sassaƙa fuskarta, da wuƙarta a hannu. Na buga a takarda, na sa sunanta da nawa a ƙasa. Hedimastanmu, wani mai tumbi da ko layi bai iya ja da rula ba, ya ce in ba shi ya gani. Ranar da sufeton makarantu ya zo sai ga hoton a bangon ofis, an sa almakashi an datse sunayen, gogan naka yana ta washe baki wai aikinsa ne. Na ji kamar in shaƙe shi, amma na haɗiye.

Sufeto ya yaba, ya ce in ya dawo yana so ya ga yadda ake bugawa. Nan fa ido ya raina fata. Hedimasta ya kira ni, har da ce mini 'yar albarka, wai in sassaƙa shi yana miƙa wa ɗalibi littafi. Na ce to. Na fitar da shi tsaf a katako, hannun dama a miƙe. Sunansa kuwa ya ce da kansa zai ƙwaƙule, na miƙa masa wuƙa. Abin da ban gaya masa ba, duk abin da ke jikin katako juyewa yake a takarda, dama ta koma hagu. Da ya nemi a gwada, na ce tawadar ta bugu ɗaya ce ta rage.

Rana ta zo, ga sufeto, ga liman, ga iyayen yara. Hedimasta ya shafa tawada, ya danna, ya ɗaga takardar sama tun bai duba ba. Sai ga shi a hoton yana ba yaro littafi da hagu, ga suna a baibai. Liman ya yi salati. Wallahi wani sanyin daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Sufeto ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna bango ya ce, "Malam, wanda ya yi tsohuwar can ya san hannu na juyewa, wuƙarta a dama take. Wa ya yi ta?"

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, uwata ce, ni na yi ta."

Har hedimasta ya bar Gaya yara na kiransa bahago, kuma ban taɓa tsawata wa ko ɗaya ba.