Matar da Ke Gina Tukunya a Sama

Kakata maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Kwali, kuma ba ta yi mana tatsuniya sai ranar gashi. Da yamma za ta jera ɗanyun tukwane a bayan gida, ta lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, ta cinna wuta. Mu jikoki ba ma iya zama. Wannan ya ɗauko kara zai tsokani wutar, wancan yana leƙe. Ni na fi kowa rawar kai. Tatsuniyar dai dabara ce ta ɗaure mu wuri ɗaya.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma wanda ya taɓa mini wuta, ba da shi ba. Maigida, zauna." Haka take kirana don tsokana.

A wajenmu tukunya ba ta juyawa. Maginiya ce ke zagaya ta, a duƙe, tana jan yumɓu sama. To, wai akwai wata mata a sama da take gini haka. 'Yarta na gefe tana jira a zo a ci tuwo. Duk sanda ta kira, sai uwar ta ce, "Bari in gama bakin." Tana zagayawa, tukunyar na ƙara faɗi, yumɓun da ke fallatsa daga hannunta yana zama taurari. Farin layin nan da ya ratsa sama, in ji Kaka, sawunta ne.

"Ta gama, Kaka?" in tambaya.

"Wuta ta mutu. Ku tashi."

Kullum a nan take tsayawa, ni kuwa in kwana da haushi.

Yanzu ina digiri na biyu a wata jami'a a Abuja, ina nazarin yadda galaksi ke samuwa, wato ɗimbin taurarin da ke juyawa tare a gungu ɗaya. Iskar gas ta taru, nauyinta ya ja ta ciki, ta baje tana juyi, taurari su kunnu. Ina gwada wannan a kwamfuta, in sauya lissafi, in sake gwadawa. Ba ya ƙarewa.

Kwanan baya aka ba ni gurbin digiri na uku a ƙasar waje, inda manyan na'urorin hangen sama suke. Tafiyar shekaru ce. Kaka kuwa ta daina gini, da sanda take kai ƙofa. Na kasa amsawa, na kasa ƙi. Tsoro nake ji in dawo ban same ta ba.

Na hau mota na je na faɗa mata, na ce zan iya ɗage tafiyar.

"Har sai yaushe?" ta ce. "Sai na mutu? Ka zauna kana kallona kamar tukunya a wuta, kana jira in huce? Tafi, Maigida. Amma kar ka ce in jira ka. Wannan ba a hannuna yake ba."

Ina yaro, yarinyar nake tausaya wa, uwar kuma in ga rashin kirkinta. Ban taɓa zaton ni zan zama mai cewa a bari in gama ba. Sai yanzu na gane abin da ya hana Kaka ƙarasa labarin: babu ƙarshen da za a gama aikin kuma a tarar da tuwon da zafi. Ta san haka tun tana zagaya nata tukwanen muna kiranta.

Na amsa wa masu gurbin cewa zan je, kuma tun ranar barcina bai zama barci ba. Duk Asabar ina Kwali. Da ta gan ni sai ta ce, "Ba ka tafi ba har yanzu?" tana dariya. Amma in na tashi komawa, ba ta sakin hannuna sai direba ya gaji da jira.