Godiyar Baba Daga Kaset Zuwa Faifai

A farkon shekarun casa'in Baba ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki a Kafanchan, mu kuwa da kukan jirgin safe muka saba sanin lokacin tafiya makaranta. Da ya ajiye aiki sai ya ce ba a cocin gari zai yi taron godiya ga Allah ba, sai a Nok, ƙauyenmu, inda aka yi masa baftisma. Ni a lokacin ban daɗe da fara koyarwa a firamare ba.

Baba yana da wani amini, Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Kafanchan. A tasha suka san juna, wajen sauke dilolin kayansa. A shekarar ya dawo daga aikin hajji da kyamarar bidiyo, irin babbar nan da ake saɓawa a kafaɗa, a zura mata kaset gaba ɗayansa. Ba sana'a yake yi da ita ba. Sunan jikokinsa yake ɗauka, da awakinsa, da duk wanda ya zo gaishe shi. Da ya ji batun godiyar, bai jira an roƙe shi ba, ya ce da shi za a tafi.

Ƙaramar bas muka shiga zuwa Kwoi, daga nan muka hau babura. Alhaji ya naɗe kyamarar da sabuwar atamfa ya rungume ta a ƙirji, duk ramin da mai babur ya faɗa sai ka ji ya yi salati. A coci ya tsaya bakin ƙofa yana ɗauka daga waje, har fasto ya fito da kansa ya kamo hannunsa. Alhaji ya cire takalmi kafin ya shiga, ko da yake babu wanda ya cire nasa.

Mama tana cikin zumuntar mata, ita ce mai buga tulu. Ranar sun yi anko, suka taso daga bayan coci suna rawa a hankali, dangi na biye da doya da citta da kaji na baiko, wato kyauta ga coci. Baba yana tsakiya cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa. Da azahar ta yi, Alhaji ya kashe kyamara ya fita ƙarƙashin mangwaro ya yi sallarsa, shi ya sa babu wa'azin fasto a kaset ɗin. Baba ya ce ba a yi asara ba, don wa'azin ya fi layin dogo tsawo.

Mu ba mu da na'urar bidiyo a gida, saboda haka a falon Alhaji aka yi kallon farko. Yara sun cika taga, matansa da Mama suna kan tabarma ɗaya. Duk wanda ya ga kansa sai ya rufe fuska. Mama ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba, ta rantse wannan siririyar muryar ba tata ba ce.

Daga nan dangi suka fara neman nasu. Alhaji yakan ari na'urar wani ya haɗa da tasa da waya, ɗaya tana juya kaset ɗaya tana kwafa. Akwai wani maɓalli da idan an danna shi kaset ɗaya yakan ɗauki ninkin abin da ya saba ɗauka, amma hoton sai ya dushe. Kawuna ya so a yi masa haka, don a haɗa masa godiyar da wasan ƙwallo a kaset guda. Alhaji ya ƙi. Ya ce shi bai sha rana a Nok don fuskokin mutane su koma kamar an shafa musu toka ba.

Kafin shekarun casa'in su ƙare Mama ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Baba ya tattara ya koma Nok yana noman citta. Kaset ɗin godiyar na gidanmu ya zauna a wajena, cikin akwatin ƙarfe tare da zannuwanta. Ban iya kallonsa ba na tsawon lokaci, da na so kallo kuma sai na tarar na'urorin kaset sun ɓace daga gidajen mutane, kowa ya koma faifai. Da na ɗauko shi na ga wani fari-fari ta ƙaramin gilashinsa. Daminar Kafanchan ta shiga akwatin, fumfuna ta kama zaren.

Ƙanena yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kagarko, kuma ya sayi kwamfuta mai iya zuba bidiyo a faifan DVD, abin da masu sana'ar ke kira bonin. Shi ma bai taɓa yi ba. Muka kai kaset ɗin wa mai gyaran rediyo ya buɗe ya goge zaren a hankali. Tsohuwar na'urar Alhaji tana nan a ɗakin ajiyarsa, ya ba mu aro. Ƙanena ya samo wani ɗan akwati da ke haɗa ta da kwamfuta, muka bar kaset ɗin ya juya daga farko har ƙarshe, godiyar ta shige ciki. Ina zaune a gefe na ji tulun Mama ya fara amo. Na tashi na shiga kicin na ce zan duba miya.

Mun ɗauka an gama, ashe nan aikin ya fara. Duk Asabar ƙanena yakan shigo motar Kagarko da kwamfutar a jaka, mu zauna a falona mu yi ta gwaji. Manhajar da ta zo da kwamfutar muka fara amfani da ita. Ta yi sauri ƙwarai, kafin ruwan shayi ya tafasa faifai ya fito. A kwamfutar yana yi, amma da muka sa a na'urar DVD ta ɗakina sai ta yi ta juyi, ta ce babu komai a ciki. Daga baya muka gane ajiye bidiyon kawai ta yi, kamar yadda ake ajiye takarda, ba ta tsara shi yadda na'urar kallo za ta karanta ba.

Wani abokin aikinsa ya ba shi manhaja ta biyu, mai maɓallai da yawa da furanni a shafin farko. Wannan ta yi a na'urar, amma baƙi da fari, hoton yana tsalle. Ashe tana kan tsarin talabijin na Amurka ne, ba irin namu ba. Muka gyara wannan, launi ya dawo, sai wata matsalar ta fito: murya tana biyo hoto a baya. Hannun Mama zai sauka kan bakin tulu shiru, sai ta ɗaga shi sannan a ji dum. Ƙanena ya ce ai ba wanda zai lura.

Na ce masa, "Baba zai lura. Tun kafin a haife mu yake sauraron tulun nan."

Ya cire faifan ya ajiye kan sauran. Sun fara taruwa a kan tebur, har na riƙa ɗora kofi a kansu. Wasu laifin manhaja ne, wasu ɗauke wuta ne ana tsakiyar aiki, wasu kuwa faifan ne kansa, irin na buhu marar suna da ake sayarwa bakin tasha, wanda in ka ɗaga shi a rana kana hango haske ta cikinsa.

Manhaja ta ukun da muka tsaya a kanta ba ta da wani kwalliya. Tambayoyi kaɗan take yi, mu kuma zuwa lokacin mun san amsoshin. Muka zaɓi tsarin talabijin ɗinmu. Ta ce za ta iya matse godiyar duka a faifai ɗaya, muka ƙi, muka raba biyu, na coci daban na cin abinci daban, don kada hoton ya farfashe. Muka sayo faifai masu kyau, kowane da gidansa. Wajen gudun bonin ƙanena ya so ya sa na tsakiya, na ce ya sa mafi ƙanƙanta, ba inda za mu je. Muka ce mata ta rufe faifan in ta gama, ta kuma sake karanta shi ta tabbatar abin da ke ciki daidai yake. Muka jira batirin kwamfutar ya cika kafin mu fara, ko an ɗauke wuta.

Ya ɗauki lokaci, har muka ci gwate muka wanke kwano. Da ya fito ban yarda da na'urata kaɗai ba. Na kai shi gidan maƙwabciya, na kai ofishin coci, na kai shagon mai aski mai wata tsohuwar na'ura da sai an buga mata hannu take buɗewa. Ko'ina ya yi, hannu da amo suna sauka tare. Muka yi wa kowane ɗan'uwa nasa, na rubuta sunan taron a kai da alƙalami mai laushi, ban manna takarda ba.

Bayan an kwashe citta muka kai wa Baba nasa. Aka aro janareta da talabijin daga gidan dagaci, aka rufe taga da zane saboda hasken rana. Tsofaffin zumunta da suka rage suka zo. Suna kallo suna kiran sunayen waɗanda suka riga mu, wata ta fara bin waƙar, sauran suka kama. Baba ya kalli faifan farko har ƙarshe. A na biyu akwai inda Mama take tsaye kan tukunyar shinkafa, tana nuna wani da ludayi tana faɗa saboda an fara rabon nama ba ta zo ba. Nan ya ce a mayar baya. Aka mayar, ya sake cewa a mayar.

Da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Kun gan shi? Haka yake yi mini kullum." Yana dariya yana goge ido da hularsa.

Na Alhaji ni na kai masa, tare da na'urarsa da muka ara. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ɗansa ne ke zama a shago. Aka sa masa faifan, ya matso da kujera kusa da talabijin, ya karkata kunne. Sai a ranar na lura babu fuskarsa ko sau ɗaya a cikin godiyar. Muryarsa ce kawai, daga bayan kyamara, yana cewa a matsa, a ba shi hanya, Mama ta ɗan juyo nan.

Ya tambaye ni ko hoton ya fito sarai, na ce ya fito, har zanen atamfar zumunta ana gani. Ya ce a shagonsa aka saye ta, ya gaya mini sunan zanen da inda aka kawo ta. Sannan ya sa aka kawo mini kunu, ya ce in na je Nok in gaya wa abokinsa ya shigo gari kafin damina ta ɓata hanya.