Kafaɗar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun tasowata Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, a gaban baƙi kuma "waccan". Bafulatana ce ta usuli, kunyar ɗan fari a wurinta kamar farilla take. Ban taɓa jin haushi ba, na san halin kayana.

Shekarar da kafaɗarta ta dama ta riƙe, mu ne na ƙarshen sani. Sai da ƙanwata ta lura da hagu take dama fura, ɗankwali ma ba ya ɗauruwa sai an taya ta. Matar da ta raine mu da ƙwarya da ludayi a Tirwun, ga shi hannu ya ƙi wuce ƙirji. An shafa man zafi, wanzami ya zo ya yi ƙaho, shiru kake ji. Na ce to, magana ta ƙare, asibiti za mu. Ni dama in na sa abu a gaba sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Likita ya tura mu sashen gashin ƙashi. A can muka tarar da ma'aikaciyar, wata 'yar Kudu mai fara'a da ta tashi a barikin Shadawanka. Hausarta ta bariki ce, mace da namiji duk "ka". Ta yi mana bayani cewa naman kafaɗar ne ya ɗaure, ya yi ƙulli a ciki. Za ta bi da yatsa tana dannawa, inda ya fi zafi nan matsalar take. Sai ta murza wurin da tausa, in ya ƙi ta soka siririyar allura wadda ba ruwan magani a cikinta, naman ya zabura ya saki. Amma fa sai mai ciwo ya taimaka ya nuna wurin.

Inna ta kwanta, ni kuma na zauna a gefen gado riƙe da mayafinta.

"Mama, nan yana maka zafi?"

"Alhamdu lillahi."

"Nan fa?"

"Da sauƙi."

Da sauƙi ina! Gumi ne ke tsatsafo mata a goshi, yatsun ƙafarta duk sun dunƙule. Haka muka yi ta zarya, hannu na nan jiya i yau. Wata rana ma'aikaciyar ta ja ni waje.

"Anti, Mamanka ba ya taimako na. Ni ba boka ba ne. In aka bar shi haka, hannun nan zai ƙara sandarewa."

Na yi ta juya maganar a hanya. Amma kafin mu iso gida na gano bakin zaren. Matar da ta haife ni ba tare da maƙwabta sun ji ko tarinta ba, ita ce za ta ce "wayyo" a gaban 'yar fari? Ai ko za a cire hannun ba za ta yi ba.

Da muka koma, tana kwanciya na miƙe, na ɗaga murya na ce zan leƙa kasuwar Wunti in sayo kayan miya. Na fita ina ƙwas-ƙwas da takalmi, sannan na cire su na lallaɓo, na zauna a benci bakin ƙofa. Ba a jima ba na ji ta.

"Wayyo Allah! Nan ne, 'yar nan, nan ne!"

Na toshe baki ina dariya, hawaye na zuba. Ban taɓa jin muryar ciwon mahaifiyata ba sai ranar, kuma wallahi daɗi na ji. Daga nan ban sake shiga ɗakin ba, kullum ina da abin saye a Wunti. Hannu ya fara ɗagawa sannu a hankali, har ya kai ka.

An koya wa ƙanwata tausar da za ta riƙa yi mata a gida. Wata la'asar na je ba ta nan, sai Inna kaɗai a tabarma. Muka gaisa. Can ta juya mini baya, ta zame mayafi daga kafaɗa, idonta na kan bango.

"Ke, zo ki danna mini."

Na durƙusa, na ɗora yatsa ina bi a hankali. Sannan, da muryar da da ƙyar na ji, ta ce:

"Ƙasa kaɗan."