Direban Katafilar da Ke Sallama Kafin Rusau

Kullum da safe, kafin ya ta da injin, direban katafilar nan sai ya bi gidajen da aka shafa wa jan fenti da ƙafa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya leƙa ɗaki, ya leƙa madafa, ko akurkin kaji ba ya tsallakewa. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Mai Sallama. "Kai da aka aiko rusau, gaisuwa ka zo yi?" Shi dai ko a jikinsa.

Shekarar da kamfaninsu zai gina madatsar ruwa, aka ce mutanen wani ƙauye su tashi. Sabon matsugunin da aka nuna musu, bango babu rufi, rijiya babu ruwa. Da yawa suka kwashe kaya suna haɗiye hawaye. Ranar rusau Mai Sallama ya yi sallamarsa a wani gida, sai ya ji an amsa. Mai jego ce zaune a tabarma, jaririnta ko cibiya ba ta faɗi ba, surukarta na tsaye ta tare ƙofa.

"Ɗan nan, in za ka ture, ture da mu," in ji tsohuwar. "Can ɗin da me za mu yi wa jinjirin nan wanka? Da yashi?"

Ya koma ya zare makullin katafila ya jefa a aljihu. Shugaban aiki ya iso yana kumfar baki: "Ka manta da makullin nan 'ya'yanka ke cin abinci?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Amma ni ƙasa aka koya mini turewa, ba mutane ba."

Sauran direbobi suka kalli juna, su ma suka kashe nasu injinan. Aiki ya tsaya cik, sai da aka yi rufi, rijiya ta kawo ruwa. Shi kuwa aka kore shi. Yau facin taya yake yi a bakin titi, furfura ta cika masa kai. Raina na ɓaci duk na wuce ta wurin, kuma ina faɗa da babbar murya: kunyar korar nan tana kan masu korar.

Kai ne ka nuna mana, Mai Sallama, cewa jan fenti ba ya mayar da gida kango. Ba mu ƙi madatsa ba, wulaƙanci muka ƙi. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu riƙe da makulli, na katafila ne ko na ofis, ku yi sallama kafin ku ture, ku tsaya ku ji ko za a amsa.